Koyar da Littafin Shaihu Umar a Zamanin Satar Ɗalibai: Wuraren da Ke Sosa Zuciya da Yadda Za a Bi da Su

1.0 Gabatarwa

Cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga da Hausar boko, babu wanda ya tsaya a kan wahalar ƙaramin yaro kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. An daɗe ana karanta shi a makarantun sakandare da kwalejojin ilimi da jami'o'i, kuma yawancin nazarin da ake yi masa a aji bai wuce jigo da zubi da salo da taurari ba. Akwai tambaya guda da ba a cika yi ba, wato: me littafin yake yi wa zuciyar yaron da ke karanta shi?

A wannan sashe na rahoto za mu nuna wuraren da ke iya tayar da hankalin ɗalibi a cikin littafin, da dalilin da ya sa batun ya fi nauyi a yau fiye da shekarun baya, sannan mu kawo hanyoyin da malami da mai tsara manhaja za su bi. Matsayinmu shi ne, littafin ya cancanci ya ci gaba da zama cikin manhaja ba tare da an yanke masa komai ba, amma bai kamata a shiga aji da shi ba sai da shiri. Gargaɗi na layi ɗaya a bangon littafi ba ya wadatarwa.

2.0 Littafin da Zamaninsa

Shaihu Umar ya samu ne daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a shekarar 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. An buga Shaihu Umar a 1934, lokacin marubucin, wanda aka haifa a 1912, yana matashin malamin makaranta a Bauchi bayan ya gama Kwalejin Katsina. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya shirya fim ɗinsa a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Ya kamata a lura da shekarar bugu. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma 'yantar da yaran da aka haifa daga wannan shekara, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Ke nan littafin ya fito shekara biyu kafin a rufe wannan babi a doka. Masu karatunsa na farko sun san tsofaffin da aka kama a hari, wasu ma a gidajensu suke zaune. Haka Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin mahara da satar mata da yara da biyan fansa a ƙasar Zazzau. Abin da Tafawa Balewa ya rubuta ƙagagge ne, amma a kan abin da ya auku aka gina shi.

A taƙaice, Shaihu Umar malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya kwashe labari ya ba su. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Bayan wani hari da aka kai ƙasar Gwari, 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau ƙazafi, aka kore shi daga gari, ya koma Makarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, sai aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya isa Kano cikin bayi, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. A can suka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

3.0 Wuraren da Ke Iya Tayar da Hankali

Idan aka bi labarin daki-daki da idon mai kula da yara, za a ga wurare biyar da ke buƙatar hattara.

Na farko shi ne harin ƙasar Gwari, inda ake kama mutane a matsayin ganima ana lissafa su kamar dukiya. Na biyu shi ne satar Umar yana ƙarami, da zamansa shi kaɗai a daji bayan ɓarawon ya halaka. Na uku shi ne sake raba shi da waɗanda suka tsince shi suka rene shi, wato yaro ya rasa gida karo na biyu. Na huɗu shi ne abin da ya sami uwar: yaudara, sayarwa, wulaƙanci da ƙuntatawa a hannun wanda ya saye ta, da mutuwarta jim kaɗan bayan ta ga ɗanta. Na biyar shi ne halakar ayari a guguwar hamada, inda Umar ya tsira bayan abokan tafiyarsa sun mutu.

Abin lura shi ne, marubucin bai yi dogon kwatancen jini ko azaba ba. Muryar mai ba da labarin murya ce ta dattijon malami mai natsuwa, wanda ya riga ya miƙa lamarinsa ga Allah. Wannan ne ya sa malamai da dama suke ɗaukar littafin a matsayin mai sauƙi. Idan aka kwatanta shi da Oliver Twist na Charles Dickens, wanda ya fito kashi-kashi a Ingila daga 1837 zuwa 1839, bambancin a fili yake. Dickens, wanda shi kansa ya yi aikin ƙarfi a masana'antar man goge takalma yana ɗan shekara 12, yana nuna wa mai karatu yunwar marayu da dukan da ake yi musu cikin ɗaci da gatse, don ya harzuƙa shi a kan dokar talakawa ta 1834. Mai karatu ya san inda zafin yake tun daga nesa. Shi kuwa Tafawa Balewa cikin 'yan jimloli yake wuce abu mai girma. Malami zai iya karanta wurin satar yaron ya wuce bai ji komai ba, alhali ɗalibin da abin ya taɓa shafa ya cike sauran daga abin da idonsa ya gani. Saboda haka sanyin salo ba kariya ba ne.

4.0 Me Ya Sauya?

Ɗalibin sakandare na shekarun 1970 da 1980 ya karanta Shaihu Umar a matsayin tarihin kakanni. Ga wani sashe na ɗaliban yau, ba tarihi ba ne. A watan Afrilu na 2014 an sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Cibok. A Fabrairun 2018 an kwashe 110 a Dapci. A Disambar 2020 an tafi da yara maza sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 an sace 'yan mata 279 a Jangebe. A cikin watan nan kuma aka kai hari makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, aka kashe ɗalibi ɗaya, aka tafi da 27 tare da ma'aikata da iyalansu. Sunan garin da labarin Umar ya fara ke nan. A Maris na 2024 an sake kwashe ɗalibai a Kuriga ta Jihar Kaduna. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da ƙanne da abokai da maƙwabta, kuma iyalai da yawa sun yi gudun hijira zuwa garuruwan da ke nesa da inda abin ya auku. Malamin da ke koyarwa a Abuja ko Ibadan ko Aba ba zai iya cewa ajinsa ya kuɓuta daga wannan ba.

Bayan satar mutane, akwai cin zalin da ke faruwa cikin gida da unguwa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa kimanin yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Kusan rabi sun sha duka mai cutarwa, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 kuma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Binciken ya ƙara da cewa kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka sami wani taimako. Idan aka auna aji mai ɗalibai 50 da wannan ma'auni, ba a maganar mutum ɗaya ko biyu. Akwai kuma yaran da aka raba da iyayensu aka kai aikatau ko riƙo a wani gari. Ga irin waɗannan, labarin yaron da ke wucewa daga hannu zuwa hannu ba baƙo ba ne.

Masana halayyar ɗan'adam sun bayyana cewa wanda ya shiga mummunan tashin hankali, wani sauti ko hoto ko kalma na iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa: zuciya ta riƙa bugawa, jiki ya ɗauki rawa, hankali ya bar inda ake. Hausawa sun riga sun san haka, shi ya sa suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kalmar da ta dace da abin da muke gudu a aji ita ce fami, wato a taɓa ciwon da bai gama warkewa ba.

5.0 Illa ta Biyu: Darasin da Ba a Yi Nufi Ba

Ban da fami, akwai illar da ta shafi fahimta. Ƙarshen Umar ya yi kyau: ya sami uban riƙo mai kirki, ya yi ilimi, ya zama shaihi. In malami ya tsaya ga cewa jigon littafin shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara, ɗalibi na iya fita da tunanin cewa satar ce ta zama alheri, ko kuma cewa wanda ake zalunta aikinsa shi ne ya yi shiru. Ga yaron da ake cutarwa a gida, wannan darasi ne mai hatsari.

Littafin kansa bai tilasta wannan fassara ba. Marubucin ya ajiye labarin uwar kusa da na ɗan, kuma hanyar da ta kai ɗan ga daraja ita ce ta kai uwar ga ƙasƙanci da mutuwa. Duk wanda ya karanta su tare zai ga cewa kirkin Abdulkarim sa'a ce da ta faɗo wa mutum ɗaya, ba halin bauta ba ne. Ko da ma'aunin wancan zamani, sayar da uwar laifi ne, domin tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da 'yantattun Musulmi na ƙasashe irin su Kano da Katsina da Barno ba. A yau kuwa doka ba ta bambanta yaro da yaro: Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, a shekarar kuma aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Wajibi ne malami ya raba haƙurin wanda aka zalunta da laifin wanda ya yi zaluncin. Na farko abin yabo ne, amma ba ya wanke na biyu.

Har ila yau akwai batun ƙabila. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da gyare-gyaren da aka yi mata a 1981 da 1998 da 2004 sun tanadi yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa, abin da ya shigar da Hausa azuzuwan da ɗalibansu ba Hausawa ba ne. A Abuja da Neja da Kaduna, 'ya'yan Gbagyi, waɗanda littafin ya kira Gwari, suna zaune a benci ɗaya da 'ya'yan Hausawa. In ba a yi bayani ba, ɗaya zai ji an mai da kakanninsa ganima, ɗayan kuma a riƙa yi masa gori. A Kudu kuwa, littafin na iya zama hoton Bahaushe na farko da yaro zai gani. Ya kamata a nuna wa ɗalibai cewa bauta ta shafi sassan ƙasar nan duka, ta hamada da ta teku, kuma wanda ya tona wannan ɓarna a nan ɗan Arewa ne, da harshen Hausa.

6.0 Shin Gargaɗi Ya Isa?

A jami'o'in Amurka da Ingila an yi ta muhawara kan sanya gargaɗi a gaban littattafan da ke ɗauke da abin tayar da hankali. Sakamakon gwaji bai goyi bayan dogaro da shi kaɗai ba. A 2020 Payton Jones da Benjamin Bellet da Richard McNally na Jami'ar Harvard sun gwada gargaɗin a kan mutum 451 da suka taɓa shiga tashin hankali, aka ba su sassan littattafan adabi su karanta. Gargaɗin bai rage musu damuwa ba. A 2023 Victoria Bridgland da Jones da Bellet suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 12, suka ga cewa gargaɗi ba ya rage zafin abin da aka karanta, ba ya ƙara fahimta, sai dai yana ƙara fargaba kafin a fara.

Waɗannan gwaje-gwaje a kan manya aka yi su, kuma abin da suka auna shi ne gajeren gargaɗi da ake liƙawa a wuce. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, cewa yaro "abin tsoro na tafe" sannan a bar shi da tsoron bai amfane shi da komai ba. Abin da ke da amfani shi ne abin da ke biyo bayan sanarwar: bayanin tarihi, zaɓi, da babban mutum da za a iya zuwa wurinsa.

Yanke wuraren ma ba mafita ba ne. In aka cire satar yaron da wahalar uwar, babu sauran labari. Bugu da ƙari, yaran da ke jin labarin garkuwa da mutane a rediyo kullum suna buƙatar wurin da za su yi tunani a kansa cikin natsuwa, kuma labarin da ya auku fiye da shekara 100 da suka wuce yana ba su tazarar da labaran yau ba sa bayarwa.

7.0 Shawarwari ga Malamai

Kafin karatu, malami ya karance littafin duka, ya yi alama a wurare biyar da muka ambata. Ya tuntuɓi shugaban makaranta da malamin ba da shawara ko akwai ɗaliban da suka zo daga yankunan da ake fama da hare-hare, ko waɗanda suka yi rashi kwanan nan. Ya keɓe darasi guda ga tarihin bauta da hanyar ayari daga Kano zuwa Murzuk da Tarabulus, da taswira. Ya faɗa wa aji abin da labarin ya ƙunsa cikin magana mai sauƙi, har da cewa yaron ya rayu ya girma. Ɓoye ƙarshen labari don jan hankali bai kai kwanciyar hankalin yaro muhimmanci ba.

Lokacin karatu, malami ya karanta wurare masu nauyi da kansa, kada ya nuna ɗalibi da yatsa ya ce ya tashi ya karanta. A yarda tun farko cewa wanda ya ji ba zai iya ba yana da izinin fita ya sha iska ba tare da an tambaye shi dalili a gaban jama'a ba. Kada a fara irin wannan wuri saura minti biyar a tashi. In za a yi wasan kwaikwayon, a bar wurin hari da ɗaure mutane ga mai ba da labari, kada a ɗaure yaro ko da wasa. In za a nuna fim ɗin, malami ya fara kallonsa shi kaɗai, domin hoto ya fi rubutu kaifi.

Bayan karatu, tambayoyi su tsaya a kan taurarin labari. A tambayi wa ya ci amana, wa ya taimaka, me doka za ta ce a yau. Kada a ba da aikin gida irin na "rubuta labarin ranar da ka fi jin tsoro". Malami ya sa ido a kan alamu: yaro mai surutu ya yi shiru, kuka, firgita, ƙin zuwa darasin, ko faɗa ba dalili. In ɗalibi ya zo da maganar abin da ake yi masa, malami ya saurara, kada ya ƙaryata, kada ya tsananta bincike, kada kuma ya yi alkawarin ɓoyewa gaba ɗaya. Ya gaya masa cewa ba laifinsa ba ne, ya kai batun ga shugaban makaranta da ofishin jin daɗin jama'a, ba tare da ya bazu a ɗakin malamai ba.

8.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na ɗaya, a ajiye cikakken littafin a babbar sakandare zuwa sama. A ƙaramar sakandare a taƙaita ga zaɓaɓɓun sassa, kamar majalisin Shaihu da almajiransa da karatunsa a Ber Kufa. Na biyu, kowane littafi da aka zaɓa ya zo da jagoran malami mai nuna babi da shafin da ke buƙatar shiri. Wannan bai tsaya ga Shaihu Umar ba, domin a Jiki Magayi ma yaro ne aka lalata wa rayuwa saboda gabar manya. Na uku, a tanadi littafin madadi daga tsararrakinsa, kamar Ruwan Bagaja, ga makarantun da hari ya shafa kai tsaye da na sansanonin 'yan gudun hijira, a kuma tsara jarrabawa yadda wanda ya ɗauki madadin ba zai cutu ba. Na huɗu, masu tsara tambayoyi su guji neman ɗalibi ya zayyana azabar da aka yi wa wani tauraro dalla-dalla. Na biyar, kwalejojin ilimi su shigar da kula da lafiyar zuciyar ɗalibi cikin darasin dabarun koyar da adabi, domin yawancin abin da muka lissafa ba ya buƙatar kuɗi, sani yake buƙata.

9.0 Kammalawa

Mun nuna cewa Shaihu Umar yana ɗauke da satar yaro da bauta da rabuwar uwa da ɗa, cikin salo mai sanyi da ke iya ɓoye wa malami nauyinsu. Mun nuna cewa daga 2014 zuwa yau waɗannan abubuwa sun shiga rayuwar ɗalibai da yawa, cewa gargaɗi shi kaɗai ba ya magani, kuma yanke littafin asara ce. Abin da ya rage shi ne shiri. Tafawa Balewa malamin aji ne lokacin da ya rubuta littafin, kuma a bakin malami ya sanya labarin, yana ba almajiransa amsa bayan sun tambaya, a zaune, cikin natsuwa. Wannan tsari shi ne ya fi dacewa da mai koyar da littafin a yau: ya san abin da zai faɗa, ya san waɗanda ke gabansa, ya kuma zauna da su har a kai ƙarshe.